Renon Maruƙa da Tsara Barbarar Shanu a Gona

Mun san mai shanu ba ya son a ƙidaya masa dukiya, kuma ba za mu nemi ka faɗa wa kowa yawan abin da ke garkenka ba. Amma akwai lissafin da ya kamata ka yi kai kaɗai a zuciyarka kowace shekara bayan kaka. Cikin shanunka mata da suka isa haihuwa, nawa ne suka haihu bana? Cikin maruƙan da aka haifa, nawa ne suka kai yaye da rai? Amsar waɗannan tambayoyi biyu ita ce ke nuna ko garke yana ƙaruwa ko yana tsaye wuri ɗaya.

A shekarun 1980, masana na cibiyar ILCA, wadda ta haɗu da wata cibiyar ta zama ILRI a 1995, sun bi diddigin garkunan Bunaji na makiyayan da suka zauna a kudancin Kaduna. Sun tarar karsana ba ta yin haihuwar fari sai ta kai kusan shekara 5, tsakanin haihuwa da haihuwa kuwa kimanin shekara 2, sa'an nan kusan ɗaya cikin kowaɗanne maruƙa biyar yakan mutu kafin ya cika shekara. Har yau duk malamin gonan da ke shiga rugage ya san ba a yi nisa da wannan hali ba a wurare da yawa.

To, ka ɗauki alƙalami mu lissafa. Saniyar da ta fara haihuwa tana da shekara 5, tana yi duk bayan shekara 2, idan ta kai shekara 13 ta ba ka maruƙa 5. Cire ɗaya da zai mutu, saura 4, watakila biyu ne mata. Wadda kuwa ta fara tana da shekara 3 da rabi, tana haihuwa duk bayan wata 14, a wannan tsawon lokaci za ta ba ka 8 ko 9. Irin saniyar ɗaya ne. Bunajin da ake kiwo a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, jininsu ɗaya da na ruga, amma da yake suna samun abinci da kulawa, sun fi saurin balaga kuma tazarar haihuwarsu ta fi gajarta ƙwarai. Galibin wannan asara tana aukuwa ne a lokuta biyu: watanni uku na ƙarshen cikin saniya, da watanni uku na farkon rayuwar maraƙi. A duka biyun yunwa ce kan gaba, cuta tana biye da ita.

Zaɓar lokacin barbara

Saniya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 285, wato wata 9 da 'yan kwanaki. Idan kana son ta haihu kowace shekara, kwana 80 kacal take da su bayan haihuwa ta warke, ta nemi sa, ta sake ɗaukar ciki. Ramammiyar saniya ba ta iya wannan. Jikinta yakan dakatar da neman barbara har sai ta murmure, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan ne ya sa saniyar da ta haihu a watan Janairu ko Fabrairu, tana shayarwa cikin tsananin rani, takan shafe wata shida ko fiye ba ta nemi sa ba, shekara ta wuce ta a banza.

Shawarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce haihuwa ta zo daidai da faɗuwar damina, lokacin da sabuwar ciyawa ta fito. A yankin Zariya, Kaduna da Bauchi wannan yana nufin watan Mayu zuwa Yuni, ke nan barbara ta kasance a watan Agusta da Satumba. Ga waɗanda ke kiwo a Kwara, Oyo, Kogi, Binuwai da kudancin Nasarawa, inda ruwa ke sauka tun Maris ko Afrilu, sai a matso da lissafin gaba da wata ɗaya ko biyu. Alfanun wannan tsari shi ne saniyar da ta haihu a Mayu za ta yi watanni uku tana cin ɗanyar ciyawa, nono ya wadata, jikinta ya dawo, ta sake neman sa a Agusta. Haka shekara za ta riƙa zagayowa daidai.

Mai sayar da madara zai ce kuɗin nono a rani yake, kuma gaskiyarsa. Wanda ya tanadi abinci isasshe yana iya raba shanunsa, wasu su haihu da kaka domin ya sami na sayarwa a rani. Wanda bai tanada ba kuwa, kada ya gwada.

Tsara lokacin barbara ba ya yiwuwa matuƙar kowane ɗan sa a garke yana hawan shanu yadda ya ga dama. Za mu komo kan batun bijimi a gaba.

Abincin mai ciki tun damina ake noma shi

Tsarin da muka bayar yana da wani nauyi da dole a faɗe shi. Saniyar da za ta haihu a Mayu, watanninta uku na ƙarshe za su faɗo a Fabrairu, Maris da Afrilu, lokacin da daji ya ƙone, gonaki suka zama fili. Alhali kuwa a waɗannan watanni ne ɗan da ke ciki yake yin kusan kashi biyu cikin uku na girmansa, a cikinsu ne kuma hantsa take shirin kawo nono. Saniyar da ta sha yunwa a wannan lokaci takan haifi ɗan tsurut mara ƙarfin tashi, nononta na farko ya zo kaɗan kuma tsararo, mabiyiya ta maƙale, ita kanta wani lokaci ta kwanta ta kasa tashi.

Matsalar busasshiyar ciyawar rani ba ta tsaya ga ƙaranci kaɗai ba. Gamba ko ƙyasuwar da ta bushe a tsaye, sinadarin gina jiki, wato furotin, da ke cikinta yakan faɗi zuwa kashi 3 cikin 100 ko ƙasa da haka. Tumbin saniya kuwa yana bukatar kimanin kashi 7 kafin ƙananan halittun da ke cikinsa su iya narka abin da ta ci. Shi ya sa za ka ga saniya cikinta cike da kara da tattaka amma tana ramewa. Abin da ya rage mata shi ne ɗan abinci mai furotin da zai tayar da aikin tumbi, daga nan ita kanta busasshiyar ciyawar sai ta yi amfani.

Harawar gyaɗa da ta wake suna da furotin ninki uku ko huɗu na busasshiyar ciyawa. Kilo 2 a rana ga kowace mai ciki, na tsawon kwana 120, ya kama kilo 240. Mai shanu biyar masu ciki yana bukatar tan ɗaya da kilo 200. Idan babu harawa isasshiya, kilo ɗaya na ƙuli-ƙulin angurya a rana, ko a haɗa shi da dusar masara ko ta dawa, yana yin aikin. 'Ya'yan gawo ma, inda ake da su, abinci ne mai kyau. Kada a raba wannan ɗan tanadi ga garke duka. A ware masu tsohon ciki da masu shayarwa a ba su su kaɗai, da yamma bayan sun dawo kiwo, domin idan aka zuba wa kowa, bijimai da ƙarfafan shanu ne za su cinye.

A nan ne aikin gona da kiwo suke haɗuwa. Harawar da za ka bayar a Maris, a Yuni ko Yuli na shekarar da ta gabata ake yanke shawararta. Nau'o'in gyaɗa irin su SAMNUT 21 da SAMNUT 22 an fito da su ne domin su ba da 'ya'ya da harawa gaba ɗaya, haka ma akwai nau'o'in wake masu yaɗo da ke riƙe ganye har bayan an tsinke. Waken lablab kuwa, musamman Rongai da Highworth, ana iya shuka shi shi kaɗai ko a ratsa shi cikin masara bayan ta yi makonni huɗu zuwa shida, kuma hekta ɗaya da ta sami kulawa tana iya ba da tan 2 zuwa 4 na busasshiyar harawa. A yanke shi yana fara fure, a shanya kwana biyu ko uku, a ɗaure tun ganyen bai fara kaɗewa ba, a ajiye a inuwa bisa rumfa inda gara da ruwa ba za su kai ba. Amfanin harawa a ganyenta yake. Wadda aka bari bisa rufin ɗaki rana da iska suna dukanta har ta koma tsinke zalla, rabin kuɗinta ya tafi.

Ga makiyayin da ke da fili nasa na dindindin, akwai dabarar da aka gwada a kudancin Kaduna a waɗancan shekaru, wadda ake kira rumbun ciyawa. Ana shinge fili na kimanin hekta 4 kusa da gida, a kwanar da shanu a ciki su tattake ƙasa su zuba taki, a watsa irin ciyawar sitailo nau'in Verano bayan an jiƙa shi a ruwan zafi domin ɓawonsa ya yi taushi, a ba shi takin sufa. Da farkon damina akan saki shanu su rage ciyawar daji da ke neman danne shi, daga nan a rufe har rani. Idan rani ya yi, masu ciki da masu shayarwa 15 zuwa 20 sukan shiga na awa 2 ko 3 kowace rana. Dabarar tana aiki, amma sharuɗɗanta uku ne masu wuya: fili wanda ba za a ƙwace ba, shinge mai ƙarfi, da tsaron gobarar daji. Inda ɗaya daga ciki ya rasu, harawa ta fi sauƙi.

Ƙasarmu a wurare da yawa tana da ƙarancin sinadarin fosforas, ciyawar da ta tsiro a kanta ma haka. Saniyar da ke tauna ƙashi, itace ko tsumma tana faɗa maka abin da ta rasa ne, kuma rashinsa yana jinkirta neman barbara. Kanwa tana da nata amfanin, amma ba ta maganin wannan. A sami gishirin lasa na dabbobi wanda aka rubuta yana ɗauke da fosforas, a ajiye musu a komi. A kuma guji ƙuli-ƙuli ko dusar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana cutar da dabba tana kuma bi ta cikin nono.

Ranar haihuwa

Idan hantsa ta cika, gefen gindin wutsiya ya lotsa, saniya ta fara ware kanta, to a daina tafiya da ita kiwo mai nisa. A ɗaure ta a busasshen wuri mai tsabta, nesa da inda kashin shanu ya taru. Yawancin shanunmu na gida suna haihuwa da kansu. Daidaitacciyar fitowa ita ce ƙafafun gaba biyu da baki a bisansu. Idan faya ta fashe, saniya ta yi ta yunƙuri har awa 2 babu ci gaba, ko ka ga ƙafa ɗaya, ko wutsiya, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi. Kada a tara ƙarti su ja da ƙarfin tsiya.

Da maraƙi ya faɗo, a share masa majinar hanci da baki, a bar uwar ta lashe shi. In bai yi numfashi ba, a goge masa jiki da ƙarfi da busasshen buhu, a soka masa tsinken ciyawa a hanci ya yi atishawa. A tsoma cibiya cikin ruwan aidin, a maimaita kashegari. Cibiya ƙofa ce a buɗe, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su sa ta kumbura da mugunya, daga baya su sauka a gwiwoyi maraƙi ya gurgunce. Kashin shanu ko toka ba su maye gurbin aidin. Mabiyiya takan faɗo cikin 'yan awoyi. In ta kwana ta wuni ba ta faɗo ba, a nemi likita, kada a ɗaura mata dutse, kada kuma a zura hannu a fizgo.

Dakashi

Babu abin da za ka yi wa maraƙi a duk rayuwarsa da ya kai shan dakashi a kan lokaci muhimmanci. Jaririn ɗan Adam yana samun kariyar jiki daga uwarsa tun yana ciki. Maraƙi kuwa mahaifar saniya ba ta barin wannan kariya ta ratsa zuwa gare shi, sai a haife shi ba shi da garkuwa ko kaɗan. Duk garkuwarsa tana cikin wannan nono na farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Hanjinsa yana iya tsotse ta ta shiga jini ne kawai a awoyin farko. Bayan awa 6 ƙarfin tsotsewar ya fara raguwa sosai, bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Dakashin da ya sha a rana ta biyu abinci ne mai kyau, amma ba zai ba shi garkuwar da ya rasa ba.

Saboda haka ka tabbatar da idonka ya kama nono cikin awa 2 na farko. Kada ka ce ai zai sha da kansa, musamman idan haihuwar dare ce, ko uwar karsana ce da ke harbin ɗanta, ko tsohuwar saniya mai manyan kawunan nono da bakinsa ba ya iya kamawa. In ya kasa, a tatso a ba shi da kwalba mai tsabta, a hankali, yana tsaye ko a zaune bisa ƙirjinsa. Maraƙin Bunaji ana haifarsa da nauyin kilo 20 zuwa 25, yana bukatar aƙalla lita 2 a ranar farko, rabinta cikin awoyin nan na farko. Mun san dafaffen dakashi abin marmari ne a gida, amma a haƙura da shi. Idan uwa ta mutu ko ba ta kawo ba, a nemi na wata saniyar da ta haihu a ranar.

Ƙwarya da maraƙi

Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin magana ce ta abincin gida da kuɗin cefane. Maraƙi a watanninsa na farko yana bukatar nono kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Mai kilo 25 yana bukatar lita 2 da rabi. Saniyar gida da ke kiwon daji ba tare da ƙarin abinci ba, abin da take bayarwa gaba ɗaya bai wuce haka da yawa ba, a rani ma bai kai ba. Ke nan duk ludayin da ya shiga ƙwarya a makonnin farko daga bakin maraƙi aka cire shi. Maraƙin da aka ƙware ba lalle ne ya mutu nan take ba. Zai tsumbure, gashinsa ya tashi, cikinsa ya yi tulu, zawo kaɗan ya kayar da shi. In mace ce ta rayu, ita ce karsanar nan da ba za ta haihu ba sai ta shekara biyar.

A mako biyu na farko kada a tatsa ko kaɗan, sai in nonon ya fi ƙarfin ɗan har hantsa na neman sanƙarewa. Daga nan har ya cika wata uku, a bar masa kawunan nono biyu cikakku, a tatsi biyu, ana sauyawa. Barin masa ragowar abin da hannu ya kasa fitarwa daga duka huɗun bai isa ba. Saniyar da ta rame sosai a rani a daina tatsarta gaba ɗaya. Inda aka kafa cibiyoyin sayen madara, kamar yankin Iseyin a jihar Oyo, kuɗi a hannu kowace safiya yana ƙara kwaɗayin tatsewa ƙarƙaf. Wanda ke samun wannan kuɗi ya kamata ya mayar da wani kaso nasa dusa da angurya ga saniyar da ta kawo shi.

Malamin gona ya lura da wani abu a nan. A wasu rugage maza ne ke tatsa, a wasu mata, amma kusan ko'ina nono da kuɗinsa na matan gida ne, shanu kuwa maigida ke da ta cewa a kansu. Idan ka zauna da maigida shi kaɗai kuka yanke cewa a rage tatsa, ka taɓa hannun jarin matar da ba ta wurin, kuma shawarar ba za ta yi ƙarko ba. A yi maganar da su duka, a kuma fara da yadda za a ƙara nonon ta hanyar ciyarwa kafin a zo kan yadda za a raba shi.

Akwai amfani ga al'adar ware maruƙa su sha sau biyu a rana, safe da yamma, bayan sun yi wata ɗaya. Tsotso ba dare ba rana yana daga cikin abubuwan da ke hana saniya komawa neman sa da wuri.

Makwanci, zawo da tsutsar ciki

Dangwalin da ya daɗe wuri ɗaya, ƙasan ya jiƙe da fitsari da kashi, shi ne matattarar cuta. A riƙa sauya masa wuri, a zaɓi tudu, a yi rumfa mai kare ruwan sama da rana, a kuma tare gefen da iskar hunturu ke bugowa da zana, domin sanyi da laima su ke jawo ciwon huhu ga ƙananan maruƙa. A tsince leda daga inda suke, suna haɗiye ta kuma ba ta narkewa.

Zawo shi ne babban mai kisa a watan farko, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisan. Ja fatar wuya ka saki, in ta tsaya ba ta koma ba, ido ya zurma, to ruwa ya ƙare. A ba shi ruwan gishiri da gulukos na dabbobi, in babu a yi amfani da ƙunshin da ake dama wa yara, lita ɗaya sau biyu ko uku a rana tsakanin shan nono. Kada a yi haɗin da sukarin shayi, hanjin ƙaramin maraƙi ba ya narka shi, sai ma ya ƙara zawon. Kada kuma a hana shi nonon uwarsa. In da jini a kashin, ko zazzaɓi, ko ya kasa tsayuwa, aikin likita ne.

Akwai wata doguwar farar tsutsa da ke shiga maraƙi ta cikin nonon uwarsa a kwanakin farko, tun bai taɓa ciyawa ba. Takan sa kashi ya yi launin toka mai wari, ciki ya kumbura, wani lokaci ta toshe hanji. A ba kowane maraƙi maganin tsutsa irin su lebamizol ko fiferazin yana da mako 2 zuwa 3, gwargwadon nauyinsa. Bayan ya fara kiwo a maimaita da farkon damina, tsakiyarta da ƙarshenta. A duba kaska a kunnuwa, hammata da ƙarƙashin wutsiya. A yankunan ƙudan tsando kada a kai maruƙa bakin rafi mai duhuwa, saboda sammore. Rigakafin ciwon huhu na shanu da na harbin daji, waɗanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take sarrafawa, a nemi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ya tsara lokacinsu. Harbin daji ya fi kama matasan shanu masu ƙiba, daga wata 6 zuwa shekara 2.

Daga nono zuwa tuƙa

Tumbin jaririn maraƙi ƙarami ne kuma ba ya aiki, nono yana zarcewa ne kai tsaye zuwa ciki na huɗu. Abin da ke gina tumbi shi ne busasshen abinci da ruwa. Daga mako na biyu a ajiye masa ɗan tafin hannu na dusar masara da aka haɗa da niƙaƙƙen ƙuli-ƙulin gyaɗa ko na waken soya, da lallausan ganyen harawa, da ruwa mai tsabta a kowane lokaci. A riƙa ƙarawa har ya kai rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata na uku ko na huɗu. Angurya tana ɗauke da wata guba da tumbin babbar saniya ke kashewa, amma takan kashe maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba, don haka a jinkirta ta sai ya wuce wata 4. Duk abincin da aka haɗa da takin yuriya ma haramun ne gare shi kafin wata 6.

Maraƙin da ya saba da ci ana iya yaye shi a wata 6 zuwa 8. Wanda aka haifa a Mayu yayensa zai zo a Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da akwai ragowar amfanin gona, kuma uwar za ta huta kafin ta shiga watanninta masu nauyi. Kowace saniya tana bukatar hutun tatsa na aƙalla wata 2 kafin ta sake haihuwa. Ranin farko bayan yaye shi ne na biyu a haɗari, a sa 'yan yaye cikin masu samun harawa.

Karsana, bijimi da barbarar zamani

Nauyi ke nuna karsana ta isa barbara, ba shekaru ba. Sai ta kai kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin babbar saniyar irinta, ga Bunaji wajen kilo 220. Akwai tef ɗin awo da ake zagaya ƙirji da shi ya nuna nauyi, ya kamata kowane malamin gona ya riƙe ɗaya. Wadda aka bari ta ɗauki ciki tana ƙarama takan sha wuyar haihuwa, girmanta ya tsaya.

Bijimi ɗaya lafiyayye ya ishi shanu 25 zuwa 30. A zaɓe shi daga uwa mai nono da haihuwa a kai a kai, mai ƙafafu ƙwarara da 'ya'yan maraina biyu cikakku masu girma daidai. Tsawon ƙaho da kyan launi ba su cika ƙwarya. A sauya shi duk bayan shekara 3 domin kada ya hau 'ya'yansa, musanye da wani garke mai lafiya ya wadatar. Sauran maza a dandaƙe su da ƙarfen dandaƙa, ko a ware su. Saniyar da ta shekara biyu ba ta ɗauki ciki ba alhali tana ƙoshi, a sa likita ya duba ta, in babu gyara a kai ta kasuwa.

Saniya tana neman sa duk bayan kwana 21, ko da ɗan bambanci. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cik wata ta hau ta. Akwai kuma kuka, rashin natsuwa, kumburin gaba da zubar yauƙi garai-garai. Shanunmu masu tozo lokacin nasu gajere ne kuma sau da yawa da dare yake zuwa, don haka a duba su da asuba da kuma almuru. Wannan ya zama wajibi ga mai son barbarar zamani, wato ɗura wa saniya maniyyin zaɓaɓɓen bijimi. Wadda aka gani da safe a ɗura mata da yamma, wadda aka gani da yamma a ɗura mata kashegari da safe.

Game da haɗa iri da shanun Turai irin su Firiziyan, ra'ayina shi ne kada a yi gaggawa. 'Yar haɗin farko, rabi da rabi, tana ba da nono ninkin na uwarta idan ta sami abinci, ruwa, inuwa da maganin kaska. Idan ba ta samu ba, ta fi Bunaji saurin faɗuwa, kirci da cututtukan kaska sun fi kama ta. Ƙara jinin Turai fiye da rabi a garken da ke kiwon daji yakan jawo asara. Wanda bai iya raya maruƙansa na gida tara cikin goma ba, ya fara gyara wannan tukuna.

Idan saniya ta yi ɓari a wata na shida zuwa na takwas, musamman in an sami biyu ko uku a garke, ko ana ganin kumburin gwiwa, a yi zaton bakkale. A ware ta, a binne ɗan da mabiyiya a rami mai zurfi, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a bar wa karnuka. Cutar tana kama mutane ta ɗanyen nono, ta sa zazzaɓi mai zuwa yana komawa wanda akan ɗauka na cizon sauro ne, don haka a tafasa nono kafin a sha ko a kwantar. Akwai allurar rigakafinta da ake yi wa 'yan maruƙa mata tsakanin wata 4 zuwa 8, likita ne kaɗai zai yi ta.

Duk wannan tsari yana bukatar ƙaramin littafi. Kowace saniya da shafinta, da sunan da aka san ta da shi a garke, ranar da aka hau ta, bijimin da ya hau ta, ranar haihuwa, jinsin ɗan, da ranar yaye ko mutuwa. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, kuma yaron gida mai zuwa makaranta zai iya riƙewa. Ranar barbara a ƙara mata wata 9 da kwana 10, ranar haihuwa ta fito. A koma baya wata 3 daga nan, ranar fara ba ta harawa ke nan. Malamin gona idan ya zo ziyara a watan Yuni, ya buɗe littafin tare da mai shanu su ƙidaya waɗanda ake sa ran za su ɗauki ciki bana da 'yan yayen da za su shiga rani, su ninka da kilo 240, su ga yawan filin da za a ware wa lablab ko wake kafin lokacin shuka ya wuce.